Batirin Prius: in canza da kaina ko in kai gareji?

Abban Hanifa: Salamu alaikum. Prius ce 'yar 2008, jan alwatika ya fito a dashbod, kwamfuta ta nuna P0A80, lambar da ke cewa a canza babban batirin da ke jan motar. Akwai batir Beljiyam a Ƙofar Ruwa. Mutum zai iya ɗorawa da kansa, ko sai gareji?

Injiniya Kurna: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin ka sayi komai, a sake sa mata kwamfuta. Batirin nan ƙwayoyi 28 ne a jere, kowace 7.2V, jimilla 201.6V, kuma motar tana auna su bibbiyu, gida 14. A duba su lokacin da mota ke ja, ba tana tsaye ba. Gidan da ya faɗi ƙasa da sauran da kamar 1.2V, ƙwayarsa ta mutu. Wani lokacin kuma ƙwayoyin lafiyarsu ƙalau, farantan jan ƙarfen da ke haɗa su ne suka yi kore da tsatsa.

Cire tsohon dungurungum a ɗora wani, mai natsuwa zai iya. A kashe mota, a nisanta makulli, a cire wayar nagetif ta ƙaramin batir 12V da ke but. A sa safar roba mai jure 1,000V, a zare fulogi ruwan lemo da ke jikin babban batirin, mai yanke wutarsa, a jira minti 10 wutar inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta tura wa mota) ta sauka, a gwada da mita kafin a taɓa waya. Ban da zobe da agogo. Nauyinsa wajen kilo 40 ne, sai mutum biyu.

Buɗe cikinsa kuwa, wannan na masu sana'a ne. Zare fulogi raba batirin biyu kawai yake yi, kowane ɓari na iya kisa.

Maigyara Zoo Road: Gaskiya Injiniya ya faɗa. Inda aka fi yin ɓarna wurin notin farantan ne: 5.4Nm ake ɗaure su (Nm ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ne). Ka matse da ƙarfin tuwo, ƙusar ta karye, ƙwaya ta tashi aiki. Ka bar shi sako-sako, wurin ya yi zafi ya ƙone. Sannan in an mayar da fulogi ba a danna hannunsa ya kulle ba, mota ba za ta nuna READY ba, sai ka ga ana zagin batir a banza.

Kuma a yi hattara da mai cewa zai canza ƙwaya ɗaya da araha. Ƙarfinta ba zai zo ɗaya da sauran ba, ba a jimawa wata za ta bi.

Hajiya Umma: Kun manta fanka. Zafin Afrilu da ƙurar hunturun Kano su ke cin batirin nan. Iskar sanyaya shi ta ragar da ke gefen kujerar baya take shiga, kada a toshe ta da kaya. A ciro fankar a wanke, in ba haka ba sabon ma haka zai dahu. Mai Beljiyam kuma ya ba da garanti a rubuce.

Abban Hanifa: Na gode ƙwarai. Safar ce ba ni da ita, gobe in sha Allahu zan kai a fara auna gidajen.