Atisayen iyo, keke da gudu ga magidanci a Abuja: daga ina za a samo lokacin?

Baban Amira, Kubwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tirayatlon, gasar nan da ake haɗa iyo da tuƙa keke da gudu a jere. Shekarata 38, ina zaune a Kubwa, wurin aikina yana Wuse. Ƙarfe 6:30 nake fita saboda cunkoso, ba na shiga gida sai bayan magariba. Ina da mata da yara uku, ƙaramarsu ba ta kai shekara 2 ba. Gudun kilomita 5 ina yin sa ba tsayawa, keke ma akwai, iyo ne da ƙyar nake kai mita 50. Da dare kuma ina wani kwas ta intanet. Burina in shiga ƙaramar gasa nan da wata 4, amma duk tsarin da na duba sai in ga yana neman awa 10 zuwa 12 a mako, ga shi uwargida ta fara cewa ko Asabar ba ta ganina. Awa nawa ne ainihin abin da ake buƙata, kuma yaya zan raba su ba tare da na shiga haƙƙin iyali ba?

Kocin Gwarinpa

Wa alaikumus salam Baban Amira. Tsarin awa 10 zuwa 12 ba naka ba ne, na masu shirin rabin Ironman ne, inda ake iyon kilomita 1.9, keke kilomita 90, gudu kilomita 21.1. Ƙaramar gasar da kake nufi iyon mita 750 ce, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Kusan awa 5 a mako, na tsawon mako 16, sun ishe ka.

Ka fara da iyo, domin nan ne rauninka. Wanda ke gudun kilomita 5 amma yake galabaita a mita 50, ba ƙarfi ya rasa ba, numfashi ne bai iya ba. Yana riƙe iska a ƙirji alhali fuskarsa na cikin ruwa, sannan ya ɗaga kai sama don ya fitar ya shaƙa a lokaci guda. Da kai ya tashi ƙafafu sun nutse, sai jiki ya koma jan ruwa. Gyaran shi ne ka riƙa hura iskar waje ta hanci da baki muddin fuskarka tana ƙasa, ka juya kai gefe kawai, ido ɗaya na cikin ruwa, ka shaƙa. Ka biya malamin iyo darasi 4 zuwa 6 tun farko, kuɗin ba zai tafi a banza ba. A makon farko mita 25 sau 16, hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Wajen mako na 4 ka koma mita 50 sau 10, mako na 8 mita 100 sau 6, zuwa mako na 12 ka gwada mita 400 ba tsayawa.

Lokacin iyon kuma kada ka ɗebe shi daga gida, ka ɗebe shi daga hanya. Ranar Talata da Alhamis, maimakon ka tashi daga aiki ka faɗa cunkoson titin Kubwa, ka nemi wurin iyo a cikin gari ka yi minti 45. Kafin ka fito hanya ta ɗan sassauta, abin da za ka ƙara a kan lokacin isarka gida kaɗan ne.

Gudu sau biyu, Litinin da Juma'a, minti 30 zuwa 35 da zarar an sallame Asuba. Ka kwana da kayan a shirye, takalmi a bakin ƙofa, don minti 10 da za ka ɓata wajen neman safa shi zai cinye atisayen. Keke sau biyu: minti 40 ranar Laraba, da awa ɗaya da rabi ranar Asabar da gari ya waye. Daga mako na 6, in ka sauka daga keken Asabar ka sa takalmi nan take ka yi gudun minti 10 zuwa 15. Ƙafa takan yi nauyi bayan keke, gara ka saba da hakan a unguwa kafin ranar gasa. Lahadi hutu.

Kashi 80 cikin 100 na wannan duka a hankali za ka yi shi, yadda za ka iya yin magana jimla guda ba haki. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga lokacinsa kaɗan ne sai ya matsa wa kansa kullum, zuwa mako na 5 gwiwa ko sangali sun fara ciwo. Kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma duk mako na 4 ka rage kashi ɗaya bisa uku.

Maman Sadik

Yallaɓai, lissafin Koci daidai ne a takarda, amma uwargida ba awa 5 za ta gani ba. Za ta ga mutumin da ya dawo daga keke ƙarfe 8 na safiyar Asabar, ya yi wanka, ya karya, ya kwanta sai azahar. Ita a wajenta Asabar ɗin ta tafi. Gajiyar da ake shigowa da ita gida ta fi awannin fita ɓata rai, musamman ga macen da ta kwana tana tashi saboda ƙaramar yarinya. Idan keken Asabar yana kai ka ga barcin rana na dole, ya yi maka yawa, ka rage shi zuwa awa ɗaya.

Abin da ya kamata ku yi shi ne ku zauna tare daren Lahadi, minti 15 ya isa, da kalanda a gabanku. Abubuwan gida za a fara rubutawa: cefane, kai yara Islamiyya da ɗauko su, allurar rigakafin ƙaramar, suna ko biki ko gaisuwa da ke cikin makon, ziyarar iyaye. Abin da ya saura shi ne na atisaye. Kada ka zo mata da tsari a gama ka ce ga yadda za a yi. Ka tambaye ta wace safiya ce ta fi mata wahala, ka bar wannan safiyar.

Na biyu, a rama mata. Ka ɗauki awa ɗaya da rabi da safe, to bayan la'asar ka kwashi yaran duka uku, har ƙaramar, ka kai su Millennium Park ko bakin tafkin Jabi, ita ta samu nata lokacin ta yi kitso ko ta je gidan 'yar uwarta ko ta yi barci. Ba za ta roƙa ba, kai ne za ka sa shi a kalanda kamar yadda ka sa keke. Kayan gumi kuma ka wanke abinka ka shanya, kada a wayi gari wasanka ya zama ƙarin wanki ga wata.

Sai kwas ɗin dare, wanda ba a taɓo ba. Mutumin da zai tashi ƙarfe 5 ba zai zauna gaban kwamfuta har 11:30 ba. A wata huɗun nan ka mayar da shi dare biyu a mako, minti 45, bayan yara sun kwanta, ko ka ɗage shi sai bayan gasa. Ka kuma faɗa mata ranar da abin zai ƙare da adadin kuɗin da ba za ka wuce ba, bayan an ware na makaranta da na haya. Mace takan iya haƙuri da abin da ta san iyakarsa.

Injiniya Mai Keke

Malam, a kan kuɗi ina tare da Hajiya ɗari bisa ɗari. Kilomita 20 ba ya buƙatar sabon keke. In naka mai manyan tayoyi ne na hawa dutse, ka canza masa taya zuwa mai santsi, shi ke nan. Abin da ba a rangwame a kai shi ne hular kwano. A gasa sai ka ɗaure ta kafin ka taɓa keken, ba ka kwance ta sai ka ajiye shi.

Inda na ɗan saɓa da Koci shi ne bai faɗi inda za a tuƙa ba, kuma wannan ya fi awanni muhimmanci ga mai yara uku. Kada ka hau babban titin Kubwa ko na filin jirgi da keke, gudun da motoci ke yi a can ba na raba hanya da mai keke ba ne. Ka sa shi a but ɗin mota ka je titunan cikin Maitama ko Asokoro da sassafen Asabar, akwai hawa da gangara, motoci ba yawa. Ka haɗa da mutum ɗaya ko biyu, ka sa jar fitila a baya, riga mai haske, kuma gida su san inda kake da lokacin dawowarka.

Tsayin sirdi: ka tsaya ba takalmi ka auna daga ƙasa zuwa matsematsi da santimita, ka ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne tazara daga tsakiyar ƙarfen da feda ke juyawa a kai zuwa saman sirdi. Ciwo a gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, ciwo a bayanta ko ƙugu yana rausaya, ya yi sama. Ka riƙa gyarawa milimita 5 a lokaci guda. Ka zaɓi giya mai sauƙi ka juya feda sau 85 zuwa 90 a minti. Taka giya mai nauyi a hankali shi ke kashe cinya kafin a zo gudu.

Lokacin hunturu ƙura ce ke cin sarƙa. Kada ka zuba mata baƙin man mota, yana kama ƙura ya zama kamar yashi a haƙoran giya. Ka goge ta da tsumma bayan kowace doguwar fita, ka ɗiga man sarƙa ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka goge rarar. Iskar taya a duba ta daren Juma'a, ka bi adadin da aka rubuta a gefen tayar. In iska ta yi ƙasa ka faɗa rami, bakin ƙarfen wili zai matse tib ya huda shi wuri biyu gefe da gefe. Ka tafi da tib ɗaya, da abin ɓanɓare taya, da ƙaramin famfo, ka koyi canzawa a tsakar gida, don faci a hanya shi ke mayar da dawowar 8 ta zama 10.

Na Laraba kuwa, in ka samu ƙarfen da ake ɗora bayan keke a kai a tuƙa a ɗaki, ko na hannu ne, ka saya. Da damina zai cece ka, kana gida kuma in an neme ka. Sai dai dole fanka mai caji, domin a ɗaki gumi ba ya bushewa.

Ma'aikaciyar Lafiya, Garki

Ranka ya daɗe, kafin komai ka auna hawan jini da suga. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashi mai sarƙewa a lokacin atisaye ba abin daurewa ba ne, a tsaya a ga likita.

Babba yana buƙatar barcin awa 7 aƙalla, wato mai tashi 5 ya kwanta 10. Ka riƙa ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya kafin ka sauko daga gado. In ya haura abin da ka saba da bugu 7 zuwa 10 kwana biyu a jere, ko ka ga kana saurin fushi da yara, jiki ne ke neman hutu. Daren da yarinya ta hana ku barci, atisayen safiyar ya faɗi. Bayan zazzaɓin cizon sauro ka gama magani, zazzaɓi ya sauka, ka ƙara 'yan kwanaki kafin ka dawo a hankali.

Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin Abuja ba wasa ba ne, ka gama komai na waje kafin 8:30. A kan keke ka sha ruwa mililita 500 zuwa 750 a awa. Ka hau sikeli kafin fita da bayan dawowa, duk kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa ka rasa. Atisayen da bai kai awa ɗaya ba ruwa kaɗai ya isa, na Asabar ka riƙe ayaba ɗaya ko dabino 4 zuwa 5.

Don Allah kada ka je koyon iyo a tafki ko madatsar ruwa. Ban da nutsewa, akwai tsargiya, ƙwayarta tana shiga ta fata ne daga ruwan da dodon koɗi ke zaune. In azumi ya faɗo cikin makonninka ka rage komai rabi, ka mayar da shi awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki ko bayan tarawihi, iyo kuma da dare.

Baban Amira, Kubwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage, Koci: makon da abubuwa suka cuɗe, aiki ko rashin lafiyar yaro ko tafiya gida, wanne zan fara yarwa?

Kocin Gwarinpa

Keken Laraba ne farko, sai gudun Juma'a. Iyo shi ne na ƙarshe da za ka saki, domin sabon mai iyo in ya yi kwana 10 bai shiga ruwa ba numfashin kan ruɗe masa. Mako mafi ƙanƙanta shi ne iyo ɗaya, gudu ɗaya, keke ɗaya, kusan awa 3 gaba ɗaya, kuma zai riƙe maka abin da ka tara. Abin da ya wuce kada ka rama shi, kada ka haɗa biyu a rana don cike gurbi. In mako guda ya tafi gaba ɗaya, ka maimaita makon da ya gabace shi sannan ka ci gaba. In ya kai mako 3, ka koma baya mako 2 a tsarin, kuma in zuwa mako na 12 ba ka iya mita 400 ba tsayawa ba, ka ɗage gasar zuwa ta gaba.