Dafaffiyar citta da kanumfari: tana hana zazzaɓi ko kuwa?

Baffa: Assalamu alaikum. Hunturu ya fara leƙowa, yau da asuba ruwan randa kamar ƙanƙara. Kowane gida a ɗora tukunyar nan: dakakkiyar citta, kanumfari guda biyar, masoro, kimba ɗaya a fasa, tafarnuwa ƙwaya biyu. In ta tafasa a sauke, a matse lemun tsami, a zuba zuma. Duk wanda ya lizimci kofi guda kowace safiya, ba shi ba mura, ba shi ba zazzaɓi har bazara.

Goggo: Wa alaikumus salam, Yaya. Ni tun ranar Alhamis na sa aka sayo min kayan a kasuwar Maigatari. Citta ce dai ta yi tsada tun da cuta ta faɗa wa gonakinta a kudancin Kaduna a 2023, yanzu sai in ɓantari kaɗan in ƙara kanumfari.

Babbar Yaya: Baffa, Allah ya ƙara girma. Ni ma ina sha kafin in tafi aiki asibiti, tana buɗe hanci, zumar kuma tana lafar da tari. Mura da kanta take wucewa cikin mako guda ko kwana goma, tukunyar tana rage wahala ne kafin nan. Inda ban yarda ba shi ne zazzaɓi. Na cizon sauro ƙwayar cuta ce a cikin jini, citta ba ta kashe ta. Kuma yanzu da kaka ne muka fi ganinsa, yara a jere a kan benci, idanu sun yi fari fat.

Baffa: 'Yata, zuma fa Alƙur'ani ne ya ce akwai waraka a cikinta, Suratun Nahli aya ta 69. Kakanninmu da wane asibiti suka rayu?

Babbar Yaya: Ba mai musun ayar, Baffa. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce a nemi magani. Gwajin nan ɗan tsira yatsa ne, minti 15 zuwa 20 an ga sakamako, maganin kwana uku ne. Shi ya sa ake bin gida-gida da damina ana bai wa yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar ƙwayar rigakafi duk wata. Abin da ke cin raina, sai an kwana huɗu ana ɗura wa yaro tsimi, sai ya fara jijjiga sannan a kawo shi.

Goggo: Nan kam ta faɗi gaskiya, Yaya. Mu tara Inna ta haifa, mu huɗu muka girma. Ina tune da ƙanenmu, jikinsa kamar garwashi, ana ta yi masa turare.

Baffa: Allah ya jiƙansu. Amma ni shekara uku ban kwanta ba.

Auta: Baffa, ai shekara ukun nan a gidan sauro kake kwana, ni na ɗaura maka shi.

Amarya: Ku yi haƙuri na katse ku. Babbar Yaya, yarinyata ce ke tari tun shekaranjiya, ba ta kama nono sosai. In lasa mata zumar a yatsa?

Babbar Yaya: A'a, kada ki ba ta. Yaron da bai cika shekara ba ba a ba shi zuma, akan samu wata ƙwayar cuta a ciki da ke zuba guba a hanjin jariri, jikinsa ya saki har ya kasa tsotso. Watanta biyar, nono kaɗai. Yanzu ki kwantar da ita, ki ɗaga rigarta, ki duba agogon waya ki ƙirga numfashinta minti ɗaya cur. Ki lura ko ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki. In numfashin ya kai 50 ko ya wuce, muna zargin ciwon huhu.

Baffa: A hana jariri zuma? Wannan ban taɓa ji ba.

Amarya: Na ƙirga sau biyu, 56 da 54. Kuma wurin yana ɗan lotsawa.

Babbar Yaya: Ku taho yanzu, kada a jira safiya. Ki goya ta ki lulluɓe mata kai saboda ƙura. Ina bakin ƙofa.

Baffa: Maganar tukunya ban sauka ba tukuna. Auta, fito da babur, akwai mai a ciki. Goggonku za ta biyo ku.