Musayar waƙa: sashe na 26 na kundin tsarin mulkin Najeriya da mijin 'yar Kamba

'Yar Kamba:
Ni 'yar Kamba, mijina ɗan Gaya ta Nijar,
Shingen kwastan kaɗai ka raba mu.
Yayana ya auro 'yar Dosso,
Sashe na 26 ya ce ta yi rajista ta zam tamu.
Nawa mijin fa? Kundi ya yi gum,
Wai mace ba ta ba miji ƙasa, ku ji mu.

Ɗan Gwandu:
Hajiya, kin tsallake na 42,
Can an hana bambanci tsakaninmu.
Kin leƙa shafi ɗaya kin rufe,
Ɗanɗano ba shi ne cin tuwonmu.

'Yar Kamba:
Ɗan Gwandu, 42 na haddace shi,
Dama ta ba mu, hagu ta hana mu.
Maris 2022 munka kai kuka,
Ƙuduri biyar na mata, majalisa ta watsa mu.
Yau a Dattawa kujera 109, mata huɗu,
Yatsun hannu guda sun ishe mu.

Malam Na Jega:
Hajiya, ɗangonki na huɗu a baitocin farko ya karye, ya fi 'yan uwansa tsawo. Lamba ba ta hawa kari. Kuma amsa-amon "mu" ko ɗan firamare ya iya.

Inna Argungu:
Malam, a bar mana aruli yau. Allah ƙara basira ɗiyata, kin gama da shi!
Ruwanda, 2003, kundinsu ya yanka
Kashi 30 na mata, ba roƙo ba.
Yau sun haura 60 a majalisa,
Ɗan Gwandu, ba ka ji a rediyo ba?

Ɗan Gwandu:
Inna, na ji, ki ƙara da Kenya,
2010 sunka rubuta, ba su cika ba.
Har alƙalin alƙalai Maraga ya ce
A rushe majalisa, ba a rushe ba.
Nana Asma'u da 'yan tarunta,
Ai ba kaso sunka jira ba.

Malam Na Jega:
To ga waƙa! Wanga shi ne kari.

Inna Argungu:
Malam, "alƙalin alƙalai Maraga" ba ta karye ba ke nan? Ko don namiji ya rera?

Malam Na Jega:
Inna, ja ta kaɗan, za ta zauna.

'Yar Kamba:
Ku yi haƙuri, ba caji tun jiya. Malam, tawa ma ja ta kaɗan.