Neman shawara: shukata ta buhu tana bushewa, ruwan garuwa kuma ya fi ƙarfina

Maman Ummi, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara. Gidan haya muke, tsakar gidan duk siminti ne, shi ya sa da damina na jera buhuna 14 a bayan tagarmu, na shuka tumatir, attaruhu, alayyafo, kuɓewa, ugu da zogale biyu. Har maƙwabta sai da suka ci. To tun da aka shiga watan Janairu rijiyar gidan ta ja baya, yanzu sai an kwana kafin a samu na wanka. Ruwa muke saya wajen 'yan garuwa, kuma jarka biyu nake zuba wa shukar kullum, safe da yamma. Duk da haka da azahar za ka ga ganyen ugu ya langaɓe kamar an yayyafa masa ruwan zafi, tumatir kuma gindin 'ya'yan yana yin baƙi. Jiya maigida ya ce kuɗin ruwan ya fi kuɗin cefanen da shukar take rage mana, kuma na san gaskiya ya faɗa. Amma wallahi raina bai so in bar su su mutu. In tumɓuke in jira damina, ko akwai dabara?

Baba Malam, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki tumɓuke. Jarka biyu lita 50 ke nan, kuma ba shukar ce take shanye shi duka ba. Rabi yana bin gefen buhu ya zube a siminti, saura rana ta ɗauke. Ƙasar buhu idan ta bushe sosai takan janye daga jikin buhun, sai ki ga ruwa yana fita ta ƙasa ki ɗauka ta ƙoshi, alhali tsakiya ƙura ce. Gobe da safe bayan kin ba da ruwa, cusa yatsa har ya nutse, za ki gani da idonki.

Abu na farko, ki rufe fuskar ƙasar. Busasshen ganye, ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa, ko kwali da aka yayyaga, kauri kamar yatsu uku, amma ki bar ɗan fili a gindin shukar kada ya ruɓe. Na biyu, siminti wuta ne da rana, yana gasa saiwa daga ƙasa. Ki ɗora buhunan a kan katako, ki matso da su kusa da juna su yi wa juna inuwa. Ni a lambuna na gida ban san abin da ya kai wannan rufin amfani ba. Ki ɗaga shi da la'asar, ƙasar da ke ƙarƙashi za ki tarar da ita da sanyi da danshi.

Hajiya Babba, Mile 12:
Maman Ummi, ni zan faɗa miki abin da ba ki so ki ji. Ba duka za ki iya riƙewa ba. Ugu mai faɗin ganye ne, ɗan kudu ne da ya saba da laima, shi ne zai fi cinye miki ruwa. Ki rage shi zuwa buhu ɗaya. Tumatir kuma a wannan lokacin na rani ake sauke shi kwando-kwando daga Arewa a nan kasuwa, to me zai sa ki sayi ruwa ki ba wanda yake da araha? Ki riƙe zogale, kuɓewa da attaruhu, ki ƙara yakuwa da rama. Waɗannan a ƙasar da ba a samun rabin ruwan Legas suka saba rayuwa. Zogalen da ya kama ƙasa ko sau biyu a mako ya ishe shi, kuma ki datse kansa idan ya kai ƙugunki don ya yi rassa.

Abban Sadiq, Obalende:
Game da baƙin gindin tumatir, Maman Ummi, ba ƙwaro ba ne, kada ki ɓata kuɗinki a maganin feshi. Yana faruwa ne idan ƙasa ta bushe ƙarƙaf sannan aka cika ta da ruwa, ta sake bushewa. A haka sinadarin kalsiyam ba ya isa ƙarshen ɗan tumatir. Maganinsa ruwa kaɗan-kaɗan amma ba yankewa. Ki samu gorar ruwa ta roba, ki ɗora allura a wuta ki huda ƙananan ramuka biyu ko uku a gindinta, ki binne ta kusa da saiwa ki bar bakin a waje. Ta nan za ki riƙa zubawa.

Inna ta Agege:
Gorar roba tana yi, amma tukunyar ƙasa ta fi ta nesa ba kusa ba. Ba mai fenti ko ƙyalli ba, irin wadda in an zuba ruwa bayanta yake yin gumi. Ki binne ta har wuya a tsakiyar babban buhu, ki shuka a kewaye, ki cika ta ki kife murfi. Idan ƙasar ta bushe sai ta ja ruwa ta jikin tukunyar, idan tana da danshi sai tsatsowar ta ragu. Ɗana da ya yi karatu a Maroko ya ce can da zafi ba a ruwan sama sam, sai da sanyi, kuma wannan tsohuwar dabara ce a Arewacin Afirka. Na taɓa tone tawa bayan wata uku, na tarar saiwar attaruhu ta naɗe tukunyar kamar an saƙa mata raga. Murfin dai kada ki manta, sauron Legas ba ya jiran gayyata.

Malam mai gadi, ɗan Tawa:
Salamu alaikum. Mu a Nijar muna da abin da muke kira tassa, mutanen Burkina Faso suna ce masa zai. Ana haƙa ƙananan ramuka a ƙasar da ta ƙeƙashe, a zuba taki a ciki, ruwa ya taru a nan maimakon ya gudu. Da ita marigayi Yakuba Sawadogo ya raya daji a yankin Yatenga, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. A buhu ma ki yi ɗan kwari a kewayen shuka. Kuma ki nemi takin da ya ruɓe, ƙasa mai taki ta fi riƙe ruwa. Kina kusa da mayankar Oko-Oba, kashin shanu ba zai yi miki wuya ba.

Baba Malam, Idi-Araba:
Gaskiya ne Malam, sai dai ƙari biyu. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, ta bar shi ya huce har warinsa ya koma na ƙasa. Sannan kwarin nan na rani ne kawai. Da ruwa ya sauka a Afrilu ta cike shi, ta ƙara huda gindin buhu, don a watan Yuni ruwan Legas kashe zogale yake in ya kwanta masa.

Anti Nas, Ikeja:
Ba wanda ya yi maganar ruwan da muke zubarwa. Ki ajiye baho a wurin alwala, mutum biyar sau biyar a rana ba ƙaramin ruwa ba ne. Haɗa da na wankin shinkafa da kayan miya. Amma banda mai omo, bilic, gishiri ko maiƙo. Ki zuba a ƙasa, ba a kan ganyen da za a ci ba, kuma kada ya kwana. Ban ruwan yau da kullum kuma da asuba ya fi, sau ɗaya a hankali. Sannan ki fara tanadin duro tun yanzu. Kowane milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na kwanon rufi lita ɗaya ne, Legas kuma tana samun sama da milimita 1,500 a shekara. Ki bar ruwan farko ya wanke kwanon, ki rufe bakin duron da kyau.

Maman Ummi, Agege:
Allah ya saka muku da alheri, iyayena da 'yan uwana. Baba, na cusa yatsa yau da safe, wallahi ƙasar a bushe take daga gaɓa ta biyu, shekaranjiya kuwa da na ga ruwa yana malala a siminti har daɗi nake ji. Na cire ugu uku, na sa yara sun kwaso ɓawon gyaɗa wajen mai ƙuli-ƙuli, na ajiye baho a bakin ƙofa. Tumatir ɗin dai na bar biyu, Hajiya ki yafe ni, Ummi ce ta shuka su da hannunta. Inna, tukunyar nan mai cin kamar lita nawa zan nema wa buhun shinkafa mai kilo 50, kuma a kasuwar Agege wajen wane layi ake samunta?