Neman shawara: tallafin gwamnatin Amurka kan binciken gano asalin kayan nukiliya

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da ilimin sinadarai a wata jami'a a Amurka, kuma ina son neman tallafin gwamnati don bincike kan yadda ake gane shekarun yuraniyam ɗin da aka kama a hannun 'yan fasa-ƙwauri, wato tsawon lokacin da ya yi tun da aka tace shi. Muna da na'urar ICP-MS, mai auna ƙwayoyin sinadarai bisa nauyinsu, amma ba mu taɓa aiki da kayan nukiliya ba. Ta ina zan faro?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam Dakta. Jami'a ce ke nema a hukumance, ba kai ba, don haka fara da ofishinku na tallafin bincike. A duba rajistarku ta SAM.gov, shafin rajistar masu hulɗa da gwamnatin tarayya, duk shekara ake sabunta ta, in ta mutu shafin neman tallafi na Grants.gov ba zai karɓi takardunka ba. Tun Afrilun 2022 lambar shaidar cibiya ta UEI ake amfani da ita, ba tsohuwar lambar DUNS ba.

Amsa ta 2:
Malam, ka matse tambayarka ta zama guda ɗaya. Ga misali: U-234 (nau'in yuraniyam) na rikiɗewa zuwa Th-230 (nau'in toriyam), kuma sai bayan shekara kusan 245,500 rabinsa ke ƙarewa. Ke nan shekara 10 bayan tacewa, Th-230 bai wuce ƙwaya 3 a kan kowace 100,000 ta U-234 ba. Wannan ɗan mitsitsin za ka auna. Dole ka ware toriyam da sinadari, ka zuba Th-229 da ka san yawansa a matsayin ma'auni.

Inda ake faɗuwa shi ne, lissafin ya ginu kan cewa an cire toriyam ƙarƙaf ranar tacewa. In an bar saura, kayan sai su nuna sun girmi ainihin shekarunsu. Shi ya sa ake ƙarawa da agogo na biyu, wato Pa-231 (furotaktiniyam) da U-235 da ke rikiɗewa zuwa shi. In suka saɓa, akwai magana, kuma a ganina a kan wannan saɓanin ya kamata ka gina buƙatarka. Sannan ka faɗi irin na'urarku. In mai ma'auni ɗaya ce, wato mai auna nau'in ƙwaya ɗaya a lokaci guda, masu tantancewa za su tambayi yadda za ka kai daidaiton mai ma'aunai da yawa.

Amsa ta 3:
Kada ka je kai kaɗai. A 2023 hukumar tsaron nukiliya ta Amurka, NNSA, ta ba gamayyar binciken gano asalin kayan nukiliya da Jami'ar Florida ke jagoranta dala miliyan 25 na shekara 5, jami'o'i 16 da ɗakunan gwaji na ƙasa 7. Nemi abokin aiki a ɗakunan gwaji na ƙasa na Livermore, Los Alamos ko Oak Ridge, ka samu wasiƙarsa tun da wuri.

Ka kuma zauna da jami'in kariya daga tururin nukiliya na jami'arku, ya duba ko lasisinku na NRC, hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, ko na jiha ya ba ku damar ajiye yuraniyam, da adadinsa. Gyaran lasisi na cin lokaci. Kuɗin zubar da shara mai guba ma ya shiga kasafi, ana yawan mantawa da shi.

Amsa ta 4:
Ƙari kaɗan, Dakta: karanta sharaɗin ɗan ƙasa kafin ka sa sunan ɗalibi. Wasu guraben na 'yan Amurka ne kawai, baƙo kuma sai an tantance shi kafin ya shiga waɗancan ɗakunan gwaji. Allah Ya ba da sa'a.