An rubuta waken suya a jikin robar bitamin D ɗina, in ci gaba da sha?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka riga ni bin wannan hanyar. Shekarata 54. Bara aka gano ina da sankarar mama, irin wadda sinadarin istrojin ke ciyar da ita. An yi mini aiki, an gasa wurin da na'ura, yanzu wata bakwai ke nan ina shan letrozol ƙwaya ɗaya kullum, likitata ta ce sai na yi shekara biyar aƙalla. Da aka ɗauki hoton ƙashi aka ce ƙashina ya fara raguwa, shi ne ta haɗa mini da bitamin D da kalsiyam.

Shekaranjiya da daddare 'yata ta ɗauki robar bitamin ɗin tana karanta ƙananan rubutun nan na baya, waɗanda ni ko da tabarau sai na kai su gindin fitila. Sai na ji ta ce, "Umma, ai wannan akwai waken suya a ciki." Wallahi gabana sai da ya faɗi. Tun ranar da na karɓi sakamako wata mata da muka zauna tare a wurin jira ta ja mini kunne, ta ce in guji waken suya ko ta wace fuska domin yana da istrojin. Na zauna ina lissafi da yatsu: wata biyar cur ina haɗiyar abin nan kowace safiya. Na ajiye shi tun daren, kuma ba zan ga likita ba sai nan da mako biyar. Na cuci kaina ne? In zubar da shi ko in ci gaba?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya Anti. Ni dai da ni ce, ba zan ƙara taɓa shi ba. Shekara biyu nake kan tamoksifen, maganin da ke hana istrojin ciyar da sankarar, duk abin da na ga sunan waken suya a jikinsa mayar da shi nake yi inda na ɗauko. Rigakafi ya fi magani.

Mai harhaɗa magunguna:
Hajiya sannu, Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa. Kafin kowa ya yanke hukunci, a ɗauko robar a karanto mana ainihin abin da aka rubuta. Man waken suya aka ce, ko lesitin, ko kuwa wani abu mai suna aisofilabon? Sannan wane adadi aka rubuta a gaba?

Mai tambaya:
Na sa yarinyar ta sake dubawa. Bitamin D3 ne, 1,000 IU, 'yan ƙananan kafso masu laushi, ruwan ɗorawa, in ka matsa su kamar za su fashe. A jerin abubuwan da ke ciki an sa man waken suya. Can ƙasa kuma da baƙin rubutu mai kauri an ce yana ƙunshe da waken suya. Babu aisofilabon ɗin da kika ambata.

Mai harhaɗa magunguna:
To alhamdu lillahi, ki kwantar da hankalinki Hajiya. Bari in yi bayani dalla-dalla, domin tambayar nan kusan kowane mako sai an yi mini ita.

Bitamin D ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. Kuma ɗan mitsitsi ne ƙwarai: 1,000 IU ɗin nan maikrogiram 25 ne kacal, abin da ido ba zai gani ba. Shi ya sa masu haɗawa ke narkar da shi a cikin ɗigon mai kafin su rufe shi a kafso. Wasu da man zaitun suke yi, wasu da man kwakwa, da yawa kuma da man waken suya saboda sauƙin samunsa. Shi bitamin ɗin kansa, D3, galibi daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi, ba ruwansa da wake.

Abin da ake tsoro a waken suya sinadarai ne da ake kira aisofilabon, manyansu biyu su ne jenistin da daidizin. Ƙirarsu ta ɗan yi kama da istrojin, har suna iya maƙalewa a inda yake maƙalewa a jikin ƙwayoyin halitta, sai dai ƙarfinsu bai kama ƙafar na istrojin ɗin jiki ba. Muhimmin abu a nan shi ne, waɗannan sinadarai tare da furotin ɗin waken suke zama. In aka matse mai aka tace shi, a cikin tunkuzar suke saura, ba sa bin man. Saboda haka man da ke cikin kafsonki kusan babu komai na aisofilabon a ciki, kuma shi kansa man bai wuce ɗigo kaɗan ba. Haka ma lesitin, wanda ake sawa don ya haɗa mai da ruwa.

Shi kuwa baƙin rubutun nan mai kauri, ba don masu sankara aka yi shi ba. Don masu alaji ne, waɗanda in suka ci wake jikinsu ya yi borin jini ko numfashi ya sarƙe. A Amurka wata doka ta 2004 ce ta wajabta a bayyana waken suya a jikin kaya, Tarayyar Turai ma tana da irin tata. Dokokin ma sun ɗauke wa man da aka tace sosai wannan sharaɗi, amma kamfanoni da yawa suna rubutawa duk da haka don su wanke kansu.

Ni abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne kin ajiye maganin. Bayan al'ada ta ɗauke, ɗan istrojin ɗin da ya rage wa mace a cikin kitsen jiki ake ƙera shi, ta hanyar wani sinadari da ake kira aromates. Aikin letrozol shi ne ya toshe wannan hanya. Hakan na hana sankarar abincinta, amma ƙashi ma da istrojin yake riƙe ƙarfinsa, shi ya sa masu shan letrozol da 'yan'uwansa anastrozol da eksemesten ke fuskantar zaizayar ƙashi da karaya. Ke kuma an riga an ga alama a hotonki. Kwana biyu ba komai ba ne, domin bitamin D yana daɗewa a jiki. Kada dai kwana biyun su zama wata biyu. In zuciyarki ta ƙi kwanciya, akwai mai man zaitun, akwai busasshiyar ƙwaya wadda babu mai a ciki sam. Ki karɓi mai adadi ɗaya da wanda aka rubuta miki, ki riƙa sha tare da abinci.

Uwargida:
Ƙanwata, ni shekara shida ke nan da nawa aikin, na yi tamoksifen, aka mayar da ni anastrozol. Na san wannan faɗuwar gaban. Akwai lokacin da nake tsayawa a kanti da tabarau a hanci ina karanta bayan kowace leda har ƙafata ta yi sanyi, na rame ba don ciwon ba, don tsoron abinci. Ranar da na kai wa likitana jaka guda ta robobi na zube masa a tebur, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Bitamin D ɗin da ke da man wake ya turo mini shi gabana ya ce in ci gaba. Wanda ya ware gefe wani garin ganye ne da wata ƙawata ta kawo mini, wanda ni ban ma ɗauke shi a bakin magani ba.

Malamar abinci mai gina jiki:
Bari in ƙara da inda tsoron ya samo asali, don matar da ta ja miki kunne ba daga iska ta ɗauko maganar ba. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka sun dasa ƙwayoyin sankarar mama ta ɗan Adam a jikin ɓeraye waɗanda aka cire wa ƙwan haihuwa kuma ba su da garkuwar jiki, suka ba su jenistin, ƙarin ya girma. Labarin ya bazu, likitoci da yawa suka fara hana marasa lafiyarsu waken suya, kuma a wancan lokacin ba laifinsu ba ne. Daga baya aka gane cewa jikin ɓera ba ya sarrafa aisofilabon yadda jikin mutum ke yi, yana taruwa a jininsa fiye da namu nesa ba kusa ba.

Da aka koma kan mata, sai labari ya sha bamban. A 2009 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken da aka yi a birnin Shanghai na Sin kan mata 5,042 da suka yi sankarar mama. Waɗanda suka fi cin abincin waken suya ciwon bai fi dawo musu ba, hasali ma ya fi ƙarancin dawowa, har da masu irin wadda istrojin ke ciyarwa da masu shan tamoksifen. A 2012 aka haɗa bayanan mata 9,514 daga Amurka da Sin, aka ga abu makamancin haka. Ba zan ce waken suya magani ne ba, domin irin wannan bincike bin mutane kawai yake yi yana kallon abin da suke ci, kuma yawancin matan Sin tun suna yara suke cinsa. Amma ya isa ya sa Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta ce cinsa a abinci babu laifi ga wadda ta yi wannan ciwo. To in waken da kansa bai zama abin tsoro ba, ina ga ɗigon mansa?

Inda har yanzu ake cewa a dakata shi ne ƙwayoyin da aka tattara aisofilabon zalla aka cusa a ciki. Ba a yi musu isasshen gwaji a kan masu irin wannan ciwo ba.

Wata 'yar'uwa:
Ni fa na ji an ce bitamin D ɗin ma shi ke kashe sankara, a riƙa shan mai 10,000 kullum. Anti ki ƙara yawansa kawai.

Mai harhaɗa magunguna:
A'a 'yar'uwa, don Allah kada a yi haka. An yi babban gwaji a Amurka mai suna VITAL, mutum fiye da 25,000, rabi suna shan 2,000 IU kullum na kimanin shekara biyar, kuma bai rage yawan kamuwa da sankara ba. Don ƙashi aka ba Hajiya shi. Abin da babba ke buƙata a rana 600 IU ne, wanda ya haura shekara 70 kuma 800, sannan iyakar da aka ce kada a wuce ba tare da umarnin likita ba ita ce 4,000. In ya yi yawa kalsiyam ke taruwa a jini: ƙishirwa, yawan fitsari, tashin zuciya, tsakuwar ƙoda. Wadda sankarar ta bazu zuwa ƙashinta ma ta fi kowa shiga wannan haɗari. Likita kan rubuta mai yawa na ɗan lokaci in gwajin jini ya nuna ƙaranci, amma wannan da awo ake yinsa.

Maman Biyu:
Innalillahi. Malama, kin sa na tashi na buɗe durowata. Akwai wata ƙwaya da nake sha wata uku ke nan saboda zafin jikin nan da ke taso mini da dare har in jiƙe zanin gado da gumi. A gaban kwalin bitamin D da kalsiyam aka rubuta da manyan baƙaƙe, da hoton wata mata tana murmushi. Yanzu da na juya bayansa na ga aisofilabon miligiram 40, da wani ganye wai jan kuloba. Ni da nake mayar da biskit saboda lesitin!

Mai harhaɗa magunguna:
To kin gani, Maman Biyu, naki ne abin dubawa. Shi ma jan kuloban aisofilabon ne a cikinsa. Ba na ce ya yi miki illa ba, kada ki hana kanki barci. Amma ki dakatar da shi, ki ɗauki kwalin yadda yake ki kai wa likitanki. Ki kuma gaya masa zancen gumin daren, tamoksifen kan kawo shi, kuma akwai magungunan da ba na istrojin ba da ake bayarwa. Shi zai zaɓa miki, domin wasunsu kamar faroksetin suna rage wa tamoksifen ƙarfi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Yau da safe na kira layin asibitin, ma'aikaciyar jinya ta sa na karanto mata bayan robar, ta ce in ci gaba da sha, in zo da ita ranar ganin likita tare da duk wani abin da nake haɗiya, za a kuma auna mini bitamin D a jini. Na sha na yau bayan karin kumallo. 'Yata dai ta kafe sai ta nemo mini mai man zaitun in wannan ta ƙare, na ce ta nemo, saura ƙwaya goma sha tara a ciki. Maman Biyu, in kin dawo daga wurin likitan ki zo ki ba mu labarin abin da ya ce kan gumin, ni ma yana damuna.