Daga Gezawa zuwa Haɗeja a keke: a taimaka mana da shawara

Autan Zaure: Assalamu alaikum yayyena. Mu 8 ne za mu hau keke daga Gezawa zuwa Haɗeja ƙarshen Disamba, kwana 3 muka yanka wa tafiyar. Ni ban taɓa wuce Zakirai a keke ba. Me ya kamata mu ɗauka?

Kawu Mai Raleigh: Wa alaikumus salam. Auta, ajiye maganar kaya tukuna. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Haɗeja kuwa can ta faɗa, ke nan kwana ukun nan a ƙirji za ku yi ta karɓar ta. Mun yi wannan gangancin bara waccan. Tsakanin Ringim da Taura hanya a shimfiɗe kamar tabarma, amma kana taka feda kamar mai hawan tudu, leɓe duk ya tsage. Ku ɗora kekunan a mota zuwa Haɗeja, ku hawo su zuwa gida, iska na tura ku ta baya.

Autan Zaure: Kawu, ai sai a ce mun ji tsoro.

Kawu Mai Raleigh: To ku tashi da an sallame asuba, kafin ta yi ƙarfi da hantsi. Ku jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba ya tare wa saura iska, in ya gaji ya koma baya. Man kaɗanya a leɓe da diddige, rawani ko takunkumi saboda ƙura.

Mai Faci: Ni tayoyinku nake ji. Kada wanda ya sauka daga kwalta ya tura keke cikin ciyawa don neman inuwa, tsidau na nan. Kowa ya riƙe tub 2, sai famfo, sholisho da sifana mai lamba 10 da mai lamba 15 na taron. In kun yi faci ku shafa cikin tayar da yatsa, ƙayar takan maƙale, a sa sabon tub ta sake huda shi.

Malamin Firamare: Kada ku ratsa Gujungu ranar Lahadi, ranar kasuwa ce, motocin kaya ba sa ganin mai keke. Maganar kwana kuma, ku shiga gari kafin magariba, ku fara gaida dagaci. Shi zai ce zaure ko ajin makaranta. Baƙi 8 da daddare ba sallama, 'yan sintiri za ku fara gani.

Yaya Babba: Ciki fa? Koko da ƙosai da safe, dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu. Fura da nono sai an sauka hutun azahar, in ka cika ciki da ita ka hau sirdi barci ne zai kwashe ka. Ni a gindin tsamiya aka tashe ni, la'asar ta wuce.

Autan Zaure: Bargo ko gidan sauro? Kariyar kekena ba za ta ɗauki duka ba.

Malamin Firamare: Duka biyun. Kuna matsar fadamar Haɗeja sauro zai yi muku sallama.

Kawu Mai Raleigh: In kun isa a taho min da bandar kifi. Wanda ya ƙi dawowa a keke shi zai biya.